Yadda ake koyon zana gaɓar teku daga aikin Claude Lorrain, ko da a Yamai kake zaune

Wanda yake zaune a Yamai yana son ya koyi zana gaɓar teku da fenti yakan ɗauka cewa sai ya je Kwatano ko Lome ya tsaya a bakin ruwa kafin ya fara, tun da ƙasarmu ba ta da teku. Zuwa can yana da amfani, amma ba daga nan karatun yake farawa ba. Abin da ke ba hoton gaɓar teku rai shi ne yadda hasken rana yake ratsa iska ya kwanta a kan ruwa, yana disashe abin da ke nesa, yana ƙara wa abin da ke kusa duhu da nauyi. Wannan ilimi kuwa ana ɗaukarsa daga wurare biyu waɗanda duk muna iya kaiwa gare su: aikin wani tsohon gwani da ya ƙarar da rayuwarsa wajen nazarin hasken, da kuma kogin Isa, wato kogin Neja, da ya ratsa garinmu.

Gwanin da nake nufi shi ne Claude Gellée, wanda aka fi sani da Claude Lorrain. An haife shi wajejen shekarar 1600 a ƙauyen Chamagne na yankin Lorraine, wanda yau yake cikin Faransa, amma a birnin Roma ya yi kusan dukan aikinsa, a can kuma ya rasu a 1682. Abokinsa Joachim von Sandrart, wani mai zane Bajamushe, ya ba da labarin cewa Claude yakan fita bayan gari tun kafin ketowar alfijir, ya kuma zauna har dare, yana lura da yadda launin sama yake sauyawa, sannan ya koma gida ya zuba abin da ya gani a kan ƙyalle. Hoton da za mu yi karatu a kansa ya gama shi a 1648, yana nuna tashar jiragen ruwa da sassafe a lokacin da Sarauniyar Saba, wadda muka sani da Bilƙisu, take shirin tafiya wurin Annabi Sulaimanu. Tashar ƙirƙirarta ya yi, ba wani gari ba ne da yake nan a duniya. Hoton yana gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan tun 1824, tsayinsa kusan santimita 149, faɗinsa kusan 197. Wani babban mai zanen Ingila, Turner, wanda ya rasu a 1851, ya yi nazarin wannan hoto har ya zana nasa hoton tashar Kartaj, wani tsohon birni na Arewacin Afirka, a 1815 bisa tsarinsa, ya kuma bar wasiyya cewa a rataye nasa kusa da na Claude. Saboda haka hanyar da za ka bi, manya sun riga sun bi ta, ba kuma abin kunya ba ne a wurinsu.

Kayan aiki

Ka fara da samun hoton. Idan ka rubuta sunan Claude Lorrain da shekarar 1648 a intanet za ka same shi, kuma shafin gidan adana zanen yana ba da damar a matso da kowane sashe a gan shi da kyau. Ka je shagon da ake buga takardu ka sa a buga maka kwafi biyu, ɗaya mai launi, ɗaya baƙi da fari, domin allon waya yana da haskensa na kansa wanda yake ruɗin ido, takarda kuwa tana karɓar haske ne kamar yadda fentinka zai karɓa.

Game da fenti, ina ba mai koyo shawarar akirilik, wato fentin da ake tsarmawa da ruwa, mai saurin bushewa. Claude da fentin mai ya yi aiki, amma fentin mai yana kwanaki bai bushe ba, kuma duk wanda ya san ƙurar Yamai ya san abin da za ta yi wa jiƙaƙƙen hoto a cikin kwana uku. Launuka biyar sun wadatar: fari, rawaya mai kama da ƙasa, ja mai duhu irin na jar ƙasa, ƙasa-ƙasa mai duhu sosai, da shuɗi irin na bular wanki. A zamanin Claude wannan shuɗi daga wani dutse mai tsada ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a Afganistan, yau kuwa a masana'anta ake yin sa. Kada ka sayi baƙi, kada kuma ka sayi kore tukuna, domin duka biyun za ka haɗa su da kanka. Ka nemi buroshi mai faɗi guda biyu, matsakaici ɗaya, da siriri mai tsini ɗaya. Allon zanen kuwa, kafinta zai yanka maka siririn katakon nan da ake rufe bayan kabad da shi, santimita 30 a tsaye, 40 a kwance, domin wannan awo ya yi daidai da siffar hoton Claude, wato kusan uku bisa huɗu. Sai takarda mai kauri, fensir, rula, zare, ƙusa ƴar ƙarama, da tawada irin ta makarantar allo.

Mataki na farko: kallo da awo

Kafin ka taɓa fenti, ka zauna da kwafin nan mai launi ka karanta shi sashe-sashe. A hagu akwai tsohon gini mai ginshiƙai wanda ya fara rushewa, yana cikin duhu, bayansa kuma babban jirgin ruwa ya leƙo. A dama akwai fada mai matakala da ke gangarowa zuwa ruwa, a nan sarauniya take da jama'arta, bayan fadar kuma ga itatuwa da hasumiya. A gaba, kan gaɓa, ma'aikata suna loda kaya a ƙaramin jirgi. Tsakanin ɓangarorin biyu an bar fili buɗe, ruwa da sama kawai, rana kuma tana can kusan tsakiyar faɗin hoton, ba ta yi nisa da ruwa ba. Ka lura da cewa sarauniyar da hoton yake ɗauke da sunanta ƴar ƙarama ce, sai an neme ta ake ganinta. Rana ce take mulkin hoton, kuma kowane abu a cikinsa ya sami launinsa da duhunsa ne gwargwadon matsayinsa daga gare ta.

Yanzu ka ɗauki rula ka auna inda sama ta haɗu da ruwa. Za ka tarar wannan layi yana ƙasa da rabin tsayin hoton, wato sama ta fi ruwa da ƙasa samun wuri. Ka ja shi da fensir daga gefe zuwa gefe a kan kwafin baƙi da fari. Sannan ka ɗora rula a kan layukan ginin dama da suke tafiya zuwa cikin hoton, wato gefen rufi, saman ƙofofi da tagogi, da bakin matakala, ka tsawaita kowanne. Waɗanda suke sama da mahaɗar sama da ruwa za ka ga suna gangarowa, waɗanda suke ƙasa da ita suna hawa, kuma suna nufar wuri guda a kan layin, a wajen da hasken yake fitowa. Shi ya sa duk inda idon mai kallo ya fara, sai ya zarce zuwa rana. Tela mai koyo yakan farke tsohuwar riga domin ya ga yadda gwani ya yanka ta, to abin da kake yi da rular nan ke nan.

Mataki na biyu: haske da duhu da tawada

A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma wanda masu koyo suka fi tsallakewa saboda ɗokin launi. Claude ya bar zane-zane masu yawa a kan takarda waɗanda ya yi da alƙalami da ruwan tawada mai launin ƙasa, kuma a cikinsu ake ganin yadda yake tunani. Tawadarmu ta gawayi da ƙaro za ta yi wannan aiki sarai. Ka samu ƙananan kofuna uku, ka zuba tawada tsantsa a ɗaya, ka tsarma ta biyu da ruwa har ta koma toka-toka, ta uku kuma ka tsarma ta sosai har ta zama kamar inuwa kawai. Farin takarda shi ne launi na huɗu, kuma rana da abin da ke kewaye da ita kaɗai za ka bar wa shi.

Ka zana akwati ƙarami, santimita 12 bisa 16, ka ajiye kwafin baƙi da fari a gabanka, ka ɗan runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace, manyan dunƙule kawai su rage. Ka fara da tawadar da ta fi tsarmuwa, ka shafe ko'ina ban da wurin rana. Idan ta bushe, ka ɗora ta biyu a kan ruwan da ke kusa, da fadar dama, da jiragen tsakiya. Ta ƙarshe, wato tsantsar, ka ajiye ta ga ginshiƙan hagu, da gaɓar da ke gaba, da cikin itatuwa. Kada ka zana taga ko igiyar jirgi ko mutum ko ɗaya. Idan ka jingina takardar a bango ka ja da baya taku biyar, ya kamata ka ji kamar hasken yana fitowa daga cikinta. Idan ba ka ji haka ba, mafi yawan lokuta dalilin ɗaya ne: ka yi wa abubuwan nesa duhu daidai da na kusa. Ka duba hasumiyoyi da jiragen da ke can bakin mashigar tashar a hoton Claude, za ka ga da kaɗan suka fi sama duhu, alhali da dutse da katako aka yi su kamar na kusa. Iskar da ke tsakaninka da su ce ta shanye duhunsu. Ka maimaita wannan ƙaramin zane har sai ka iya yin sa ba tare da kallon kwafin ba.

Mataki na uku: zuwa bakin kogi

A nan ne mutumin Yamai yake da abin da ɗalibai da yawa a Turai ba su da shi. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan cika sararin sama, rana ta zama faifai fari ko ruwan ƙwai, kuma a daidai wannan lokaci ne kogi yake cike da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini. Darasin da Claude ya sha wahala kafin ya kama, na disashewar abu gwargwadon nisansa, a fili yake a gabanka. Idan ka tsaya a gaɓar da ke wajen gari da la'asar sakaliya ka fuskanci Harobanda, unguwar da ke tsallaken kogi, rana za ta kasance a gabanka kamar yadda take a hoton. Idan kuma hasken safiya kake so, irin wanda Claude ya zana, sai ka tsallaka gada ka waiwayo gari bayan sallar asuba.

Ka tafi da takarda da kofunan tawadarka, ka gaida masunta da masu wanki da masu lambun da ka tarar, ka faɗa musu abin da ya kawo ka kafin ka zauna, ka kuma nisanci gada da duk wurin da jami'an tsaro suke gadi. Kada ka ƙura wa rana ido ko da hazo ya rufe ta, domin tana lahanta ido ba tare da mutum ya ji zafi ba. Abin da ke kewaye da ita za ka kalla.

Abubuwa kaɗan nake so ka tabbatar da idonka. Hasken rana a kan ruwa yakan zama hanya miƙaƙƙiya daga ƙarƙashin rana zuwa inda kake, kuma idan ka matsa, sai ta bi ka. Wannan hanya ba shafe take da fari ba, gutsattsarin haske ne a kan ƙananan igiyoyin ruwa, waɗanda suke manya kuma a warwatse a kusa da kai, suna ƙanƙancewa suna matsuwa har su haɗe a nesa. Ka dubi kwalekwalen da ya gifta tsakaninka da rana: jikinsa duhu ne gaba ɗaya, ba ka ganin launin fentinsa, sai wani siririn haske a bakinsa na sama da kafaɗar mai tuƙi da gefen gorarsa. Ka dubi inuwar mutanen da ke tsaye a gaɓa, za ka ga ba gefe guda suka kwanta ba, suna bazuwa ne zuwa wajenka, ta hagu tana karkata hagu, ta dama tana karkata dama, kamar duk daga ƙarƙashin rana suka taso. Ka koma ga kwafinka, duk za ka same su a can. Hasken da ya fi kyau ba ya daɗewa, kafin kiran magariba ya tafi, don haka zane ƙanana masu sauri za ka yi, ka kuma rubuta launukan da ka gani da kalmomi a gefen takarda.

Sai dai kogi ba teku ba ne, kuma dole a kiyaye bambancin. Kogi yana da tsallake, teku kuwa ba a ganin ƙarshensa, mahaɗarsa da sama layi ne miƙaƙƙe sak wanda ba ya karkata ko kaɗan. Ruwan Isa yana ɗauke da laka, da damina har ja yake komawa, ruwan Claude kuwa shuɗi ne mai duhu da ya karkata zuwa kore. Kogi yana gudu ta gefe, igiyar teku kuma gaɓa take nufowa layi bayan layi. Waɗannan ukun daga hoton za ka koye su.

Mataki na huɗu: shirya allo da ɗora sama

Ka goge katakon da samfefa, ka haɗa farin fentin bango na ruwa da ɗan farin gam na kafinta, ka shafa sau biyu, ka bari ya bushe tsakani, ka shafa wa bayan allon sau ɗaya don kada ya tanƙware. Sannan ka tsarma rawaya da ɗan ja ka shafe fuskar allon da su sama-sama, domin a kan fari fat ido ba ya iya auna haske daidai. Ka raba kwafinka gida huɗu a tsaye da huɗu a kwance, ka raba allon haka, ka kwashe manyan siffofi gida-gida da fensir. Ka ja mahaɗar sama da ruwa da rula. A wurin da layukan gini suke haɗuwa ka kafa ƴar ƙusa ka ɗaura zare, duk layin da za ka ja na rufi ko matakala sai ka miƙa zaren ka bi shi. Ramin ƙusar fenti zai rufe shi.

Zafinmu yana busar da akirilik cikin ƴan mintoci, saboda haka ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti, ka ɗora takarda mai santsi a kai, ka matsa fentin a bisanta, ka kuma yi aikin da sassafe, fanka a kashe. Ka haɗa launukan sama guda biyar tun kafin ka fara, ka jera su: fari da ɗigon rawaya na kewayen rana, fari da rawaya da ɗan ja kaɗan na bayansa, toka-toka mai haske, wanda za ka samu daga fari da shuɗi da ɗan ja, shuɗi mai haske, sai shuɗi mai ɗan ƙarfi na kusurwoyin sama. Wannan toka-toka na tsakiya shi ne sirrin, domin idan rawaya ta haɗu da shuɗi kai tsaye, kore za su haifa, sama kuma ta lalace. Ka ɗan jiƙa allon, ka fara daga rana ka yi waje, kana zagayawa, kana haɗa bakin kowane launi da na kusa da shi tun suna jiƙe, da busasshen buroshi mai laushi. Masu binciken hoton Claude sun ga sawun yatsunsa da tafin hannunsa a cikin fentin sama, inda ya riƙa lallaɓa launi cikin launi. Kai ma kana iya yin haka, amma ka wanke hannu kafin cin abinci. Ka tuna akirilik yakan ƙara duhu idan ya bushe, don haka ka haɗa shi ya ɗan fi abin da kake so haske. Da wuya sama ta yi kyau a shafa ɗaya, a shafa ta biyu ko ta uku take kwanciya.

Ita kanta rana, kada ka yi mata da'ira mai kaifin baki. Fenti ba shi da abin da ya fi fari haske, kuma idan ka kashe farinka a gajimare da bango da tufafi, babu abin da ya rage wa rana. Ka hana kowane wuri fari tsantsa, ka ajiye shi gare ta da ƴan ɗigo a kan ruwa.

Mataki na biyar: daga nesa zuwa kusa

Ƙa'idar ita ce a fara da abin da ya fi nisa. Launin hasumiyar nesa da jiragen nesa daga ragowar launin sama za ka ɗebo shi, ka ƙara masa ɗan shuɗi da ɗan ja kaɗan, har ya fi sama duhu da ƙyar. Duk matsowar da za ka yi, sai ka rage fari ka ƙara ƙasa-ƙasa, bakin abubuwa kuma ya riƙa ƙara kaifi. Fadar dama tana karɓar haske ta gefen da yake duban rana, don haka wannan gefe zai karkata zuwa rawaya, gefen inuwa kuma zuwa shuɗi-shuɗi. Ginshiƙan hagu su ne mafi duhu, ka haɗa duhunsu daga shuɗi da ƙasa-ƙasa, wanda ya fi baƙin kwalba rai nesa ba kusa ba. Koren itatuwa daga rawaya da shuɗi da ɗan ƙasa-ƙasa zai fito, ka fara da dunƙulen duhu, ka ɗora ganye masu haske a gefen rana kaɗai, ka kuma bar ƴan ramuka da sama take leƙowa ta cikinsu.

Ruwa yana son haƙuri. Ka fara shimfiɗa shi da buroshi mai faɗi, a kwance koyaushe, yana da haske kusan kamar sama a can mahaɗa, yana ƙara duhu da kore yayin da yake matsowa. Dalilin haka shi ne, ruwan nesa kana kallonsa ne a kwance, sama yake mayar maka, na kusa kuwa kana leƙa cikinsa ne. Idan ya bushe sai ka ɗauki siririn buroshi ka fara igiyoyin ruwa daga nesa, gajeru, sirara, a matse, launinsu bai bambanta da na ruwan sosai ba. Kana saukowa kana tsawaita su kana buɗa tsakaninsu, kuma kowace igiya ta kusa tana da fuska biyu, bakinta na sama mai haske da cikinta mai duhu da yake dubanka. Ka taƙaita masu haske sosai a cikin hanyar nan da ke ƙarƙashin rana, su riƙa raguwa zuwa gefe. Kada ka jera su daidai wa daida, ka bar wasu wurare shiru babu komai. Ƙarƙashin kowane jirgi ka sa duhu mai karyayyen baki, in ba haka ba jirgin zai zama kamar an manna shi ne a kan ruwan.

Igiyoyin jirgi da sandunansa su ne na ƙarshe, da fenti mai ruwa-ruwa da ja ɗaya na hannu, kuma inda igiya ta gifta kusa da rana ka sassauta duhunta, domin haske mai ƙarfi yakan cinye siririn abu. Game da mutane, na san akwai masu karatu da yawa da ba sa zana mai rai saboda addini, kuma wannan ba ya rage komai daga darasin. An ruwaito cewa shi kansa Claude bai ɗauki mutanen da ke hotunansa da muhimmanci kamar filin da suke ciki ba. Amfaninsu a hoton shi ne su nuna girman gini da nisan wuri, kuma akwati, tulu, tarin kaya ko ƙaramin jirgi a gaɓa za su yi wannan aiki.

Idan komai ya bushe sarai, ka tsarma rawaya da ruwa mai yawa har ta zama kamar shayi marar ƙarfi, ka shafa ta sau ɗaya a kan tsakiyar hoton, da ruwa da gefen gine-ginen da ke duban rana. Wannan siririn rufi yana haɗa kan launukan su zama kamar haske ɗaya ne ya sauka a kansu.

Mataki na shida: naka hoton

Kwafin da ka yi na karatu ne, ka rubuta a bayansa cewa daga aikin Claude Lorrain ka kwaikwaya, kada ka sayar da shi a matsayin ƙirƙirarka. Sannan ka ɗauki sabon allo ka riƙe tsarin kaɗai, wato mahaɗa a ƙasa da rabi, rana a gabanka, abu mai tsayi da duhu a gefe ɗaya, abu mai ɗan haske da nisa a ɗaya gefen, da fili buɗe a tsakiya. Ka zubar da fadar Roma da ginshiƙanta. A wurinsu kana iya sa itatuwan kwakwa da manyan kwalekwalen masunta irin na gaɓar Kwatano ko Lome, daga hoton da kai ko wani ɗan'uwa ya ɗauko, hasken kuwa ka ɗebo shi daga takardun da ka cika a bakin Isa. A irin wannan buɗaɗɗiyar gaɓa igiyar ruwa ta fi ta tashar Claude girma da kumfa, kuma kumfar da ke tsakaninka da rana ba fara ba ce, toka-toka ce mai shuɗi, bakinta kaɗai yake walƙiya. Kafin ka taɓa launi, ka sake yin ƙaramin gwajin tawada na wannan sabon tsari, domin hoton waya yakan baƙanta inuwa ya kuma ƙone sama, gyaran wannan kuwa a takarda ya fi sauƙi.

Claude yana da wani littafi da yake sake zana kowane hoton da ya gama a cikinsa, yana rubuta wanda aka yi wa, domin ya kare kansa daga masu jabu. Zane 195 ne a ciki, yau yana gidan tarihi na British Museum a Landan. Kai ma ka buɗe irinsa, ko da littafin ƴan makaranta ne: ƙaramin zanen kowane aiki, kwanan wata, lokacin da ka kalli hasken, da launukan da ka haɗa don sama da ruwa, domin wata uku nan gaba ba za ka tuna yawan jan da ka sa a toka-tokan nan ba. Idan ka gama hoto, ka jingina shi yana fuskantar bango saboda ƙura, ka bar shi mako guda, sannan ka ɗauke shi da waya, ka mayar da hoton baƙi da fari, ka ajiye shi kusa da kwafin Claude na baƙi da fari. Ka duba ko rana ce mafi haske, ko gaba ce mafi duhu, ko kuma wani abu na nesa ya yi duhun da ya tsallako gaba. Wanda ya tsallako, ka tsarma launin sama ka shafa masa sama-sama, ka bari ya bushe, ka sake dubawa.